Neman Kayan Sa'adu Daga Gangara Har Gidan Rumji

Talata: Gangara zuwa Gazawa

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubar Talata na bar Gangara a bayan kabu-kabu, da ƴar jakata a kafaɗa da haushin wata bakwai a ƙirjina. Ƙarshen bazara ne, tun rana ba ta fito ba iska ta yi ɗumi. Ɗan Ladi mai babur ya waiwayo ya ce, "Mushe Laminu, wannan sammako sai ka ce masu zuwa haƙar aya?" Na ce masa ya dubi gabansa, rairayin hanyar nan ba ya son surutu.

Ku mutanen gida kun san abin da ya fitar da ni, amma bari in faɗa saboda wanda bai sani ba. Ni malamin motsa jiki ne a lakol, makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malam. Ina da aboki, Sa'adu, ɗan garinmu, wanda ya shekara goma sha biyar yana yawon duniya da wasan badminton. Wasa ne da ake yi da raket, wani abu mai kama da rariya da dogon mariƙi, ana bugun ƴar ƙwallo mai gashin tsuntsu da muke ce wa bolan, ta tsallake raga. Sa'adu na bibbiyu yake bugawa, wato mutum biyu a nan, biyu a can. Tare muka koya a Maradi muna samari, daga baya shi ya wuce, ni na dawo gida. Ya buga a ƙasashen Larabawa, ya buga a Turai, ya je har inda in muna sallar isha'i su gari ya kusa waye musu, da sunan ƙasarmu a bayan rigarsa. Yanzu gwiwa ta fara yi masa gardama, yana shirin ajiye raket.

Akwai samari biyu a Gangara da na shekara huɗu ina koya wa wasan. Lawali ɗan manomi ne, Buba kuwa ɗan Fulanin rugar da ke gabas da gari, kuma bahago. Da tsofaffin raket biyu nawa suke yi, waɗanda na ɗaure da zaren kamun kifi, da bolan na gashin zabo da muke sokawa a totuwar masara. Abokan karawarsu da allunan katako suke bugawa. Amma in Lawali ya matsa gaba, Buba ya riga ya rufe baya tun ba a ce masa ba, kuma wannan ba abin da malami yake koyarwa ba ne. Sa'adu ya samo musu gurbi biyu a wata makarantar horo a ƙasar da yake zaune. Sharaɗin ɗaya ne: shugaban wurin yana son ya ga bidiyonsu suna cikakken wasa da wasu mutum biyu, da raga ta gaskiya da raket na gaskiya, kafin faɗuwar ranar Juma'a. Mahaifin Buba kuma ya gaya mini ƙarara, in ruwan farko ya sauka ba a ji komai ba, yaron zai bi shanu arewa, an gama maganar wasa.

Abin takaicin shi ne kayan suna cikin ƙasar nan tun wata bakwai. Kwali uku Sa'adu ya aiko da sunana a jiki. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, mai rassa uku a Gazawa da Agye da Gidan Rumji, ita ta taimaka aka fitar da su daga duwan, wato kwastan, daga nan ta riƙe. Duk sanda na buga waya sai a ce an raba, rabon reshenmu na Gazawa yana nan lafiya, a jira ranar bikin miƙawa. Ni kuma na sakankance cewa a rabon namu akwai komai da komai, ko da kaɗan ne.

Kilomita ashirin ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma sau uku na sauka na tura babur. Shida da minti goma muka shiga Gazawa. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na wuce shagon Alhaji Idi mai aya, wanda shi ne ma'ajin reshe.

"Mushe, kai ne da sassahe haka? Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Alhaji. Kwalinmu na zo ɗauka."

"Ai ba a yi biki ba."

"A yi bikin bayan na tahi."

Ya ga fuskata ba ta wasa ba ce, ya sa aka jawo kwalin daga bayan buhunan aya. Na buɗe. Bututan bolan ne da ragowar takalma. Na zazzage shi har ƙasa, babu raket ko ɗaya, babu raga. Na ce ina sauran kayan?

Alhaji ya gyara zama, har da murmushin wanda ya yi abin kirki. "Ai kwali ukku ne, reshe ukku. Mi ya hi wannan daidai? Ko buɗewa ba mu yi ba, don kada a ce mun zaɓa. Kara ukku aka karya, kowane reshe ya shaida nashi, aka kira wani mai tallan goro da bai san kowa ba, ya aza kowane kara bisa kwali guda. Yadda ake rabon watanda. Wallahi ba a cuci kowa ba."

Na ce, "Alhaji, a watanda kowane kashi ana sa mai tsoka da hanta da ƙashi. Ku kun ba wani kai, kun ba wani ƙahwahu, kun ba wani hwata, kuma kuna jiran biki."

"To wa ya san abin da ke ciki?"

Manyan mutane goma sha ɗaya ne suka zauna a wannan rabo, a cikinsu akwai masu digiri, babu wanda ya ce a kira wanda sunansa yake jikin kwalin a tambaye shi. Takalman, na ga uku daga cikinsu a ƙafar masu ɗaukar buhu a shagon. Bolan ɗaya tana lilo a madubin motar Alhaji, wasu kuma an yi ado da su a bikin ƴar ƙanwarsa. Sauran sun sha zafin kwano wata bakwai, in ka taɓa gashin sai ya karye kamar busasshen zogale. Na zauna a ƙasa na tsince su ɗaya-ɗaya, na samu bututu uku masu rai. Alhaji ya ce dogon kwalin Agye ya faɗa wa, mai faɗin kuma Gidan Rumji. Na fita ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Agye

Tara da rabi na shiga motar Hiyas, kilomita goma sha biyar a kan gudro, wato kwalta, dala ɗari. Goma da minti biyar na sauka. A gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, na ajiye jaka, na nufi gidan Habu sakataren reshe. Aka ce ya tafi suna wani ƙauye, sai bayan la'asar.

Ban buƙaci Habu ya nuna mini kayan ba, domin tun daga bakin danga na hango su. Mutumin yana renon dashe a tsakar gidansa, mangwaro da zogale a ƴan ledoji, ragar Sa'adu ce aka shimfiɗa a kansu saboda kaji. Turakan ƙarfen da ake ɗaura ragar kuwa su suka tokare rumfar ragonsa. Na tsaya a rana ina kallon rago yana tuƙa a inuwar abin da aka yi masa jirgi da mota daga wata duniya, har maƙwabta suka fara leƙowa.

Ƙarfe huɗu da rabi Habu ya dawo. Ajinmu ɗaya da shi a da, don haka ban yi masa kwana-kwana ba.

"Habu, raga nika so da turaka, yanzu."

"Laminu, kai ma ka san aiki. Sai da takarda mai tambon farazidan, hatimin shugaban ƙungiya."

"Ina farazidan ɗin?"

"Shina Yamai, sai wata mai kamawa."

"Da kaji za su ci dashenka, takardar wa ka nema kahin ka shimhiɗa ta?"

Ya ce wannan ajiya ce, ajiya kuwa ba laifi a amfana da ita muddin ba ta bar gida ba. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, har ragon ya tsinke igiya. Na koma gidan Gwaggo, na kwashe labari na gaya mata. Ta ce, "Kai dai ɗan nan tun kana ƙarami ba ka iya roƙo ba. Zamna ka ci kopto, ga kwaɗon zogalen nan." Ta yafa mayafi ta ɗauki wani ƙunshi ta fita.

Kafin a kira magariba sai ga ta da ragar a naɗe a ka, almuru bai yi ba wasu ƙarti biyu suka shigo da turakan. Na ce, "Gwaggo, yaya kika yi?" Ta ce, "Wurin matar Habu na je. Ita ke ban ruwan dashen, kaji ne damuwarta. Na ba ta tsohon gidan saurona, ta ce ma ya hi wannan, don naku ramukanshi ƴan tsaki na shiga. Rumhwa kuwa an sa mata icce." Abin da tambon farazidan zai ɗauki wata guda, tsohuwa ta gama shi kafin tuwo ya huce. Ragar ta huje wuri biyu, Gwaggo ta ɗinke da zaren saƙa. Na kwana da ɗan sanyi a raina, saura raket.

Laraba: Agye, Maradi, Gidan Rumji

Na bar raga da turaka a gidan Gwaggo, na ɗauki bututun bolan ɗaya don in nuna wa mutanen Gidan Rumji abin da ake magana a kai. Shida daidai ina tasha, mota ba ta cika ba sai bakwai da kwata. Mu goma sha tara a ciki, da buhun riɗi a ƙarƙashin ƙafafuna. Kilomita saba'in da biyar zuwa Maradi, jika ɗaya da rabi.

A shingen da ke kusa da Cadawa aka sauke mu duba katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa. Wani jandarma matashi ya ga bututun ya ce in buɗe. Ya ciro bolan ɗaya, ya juya ta, ya sansana.

"Mushe, wannan na wane magani ne?"

Na ce wasa ne. Na fito da waya na nuna masa Sa'adu yana bugawa a wani ɗaki mai fitilu kamar rana, mutane maƙil. Fasinjoji suka kewaye mu. Jandarman ya matso da fuskarsa, ya ga sunan ƙasa a bayan rigar, ya ce, "Namu ne? Wallahi ban taɓa jin sunanshi ba." Wata hajiya mai kwandon kaji ta leƙa ta ce, "Yanzu ƙato kamar wannan ya bar uwayenshi shekara sha biyar don shi kori gashin kaza?" Fasinjoji suka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Muna komawa mota na juya na ba su labari ko suna so ko ba sa so. Na ce mutumin nan shi kaɗai yake sauka a filin jirgi, babu mai horarwa, babu likita. Ƴan wasu ƙasashe suna shigowa da mai tausa da mai riƙe musu ruwa, shi da hannunsa yake ɗaure zaren raket ɗinsa, shi yake wanke rigarsa ya shanya a tagar masauki. Ya taɓa buga wasa uku a yini guda da zazzaɓi. Ranar da ya kai zagayen da ɗan ƙasarmu bai taɓa kaiwa ba, na kunna rediyo tun safe har yamma, ban ji an ambace shi ba. Hajiya ta ce, "To Allah shi ba shi lada." Direba ya ƙara ƙarar waƙa.

Tara da minti ashirin muka shiga Maradi. Na hau kabu-kabu zuwa inda motocin yamma suke lodi, na ci dambu a tsaye. Sha ɗaya muka tashi. A Tibiri, kilomita goma sha biyu, aka tsaya aka ɗora awaki huɗu a saman mota, ɗaya ta yi ta tsiyayo mana fitsari ta taga har muka isa. Ɗaya saura minti ashirin na sauka a Gidan Rumji, kilomita hamsin da biyar daga Maradi.

Shugaban reshen nan Baba Maidabo ne, tsohon direktan makaranta mai ritaya, wanda shi ne mai kula da ɗakin kwananmu lokacin muna lakol a Maradi. Ya tsufa, zanen Gobir ɗin kumatunsa ya nutse cikin tamoji, amma muryar tana nan. Ya ce, "Ɗana Laminu, kai ne? Shigo, rana ta yi." Aka dama fura da nono mai sanyi, ya tambayi mahaifiyata da sunanta, ya tambayi gwiwar Sa'adu. Sannan ya kai ni ɗakinsa ya yaye wani bargo.

Raket goma sha biyu, kowanne a cikin rigarsa, ko ledar mariƙin ba a ɓare ba. Na zaro ɗaya na kaɗa, na ji iska ta yi fito. Shekara ashirin rabon da in riƙe irinsa. Wallahi idona ya kawo ruwa, na ce a raina ga mutum ɗaya da ya san amana.

Muka koma zaure, sai ya ciro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma.

"Mun ji labarin gurbi biyu da anka samu. Munka zamna, munka duba. Gazawa ta ɗauki guda, mu mu ɗauki guda, baɗi in an samu a ba Agye. Hoton ku yi shi da ɗiyanku biyu, ba mu hana ba, amma wajen tahiya a sa namu guda. Sa hannu nan, ka kwashe su dut."

"Baba, a garin nan akwai yaron da ya taɓa riƙe raket?"

"Akwai wani dogo, shina da gudu awa barewa. Can su koya mai."

Na ajiye ludayin fura. Na yi ƙoƙari in yi magana a hankali, don malamina ne. Na ce wasan bibbiyu ba mutum biyu ba ne da aka tsayar a fili ɗaya. Shekara huɗu yaran nan suka yi kafin kowanne ya san inda ƙafar ɗan'uwansa za ta sauka. In aka cire ɗaya, abin da shugaban makarantar zai gani a bidiyo ba shi za a aika masa ba.

Ya ce, "Adalci dai shi ne adalci, ɗana."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba, kana nan lokacin da aka yi mana wannan adalcin." Domin haka aka yi mana. Ni da Sa'adu muka cinye kowa, gurbi biyu ya zo na fita waje, sai manya suka ce ba zai yiwu jiha ɗaya ta kwashe duka ba. Aka ɗauki Sa'adu, aka haɗa shi da wani yaro daga wata jiha wanda bai taɓa tsayawa kusa da shi ba. Wasan farko aka kore su. Yaron ya bar wasa ya koma kasuwa, ni na koma Gangara. Sa'adu ya yi ta canza abokan wasa, na san bakwai da sunayensu, duk inda ya je sai ya roƙi wanda ya rasa nasa. Ya taɓa ce mini a waya har yanzu in bolan ta nufo tsakiya yakan ɗan dakata, yana jin kamar ni zan ɗauka. Ban taɓa yafe wannan rabo ba, kuma ranar nan na faɗa wa Baba Maidabo haka a zaurensa, da murya mai ƙarfi, har iyalinsa suka jiyo daga cikin gida.

Tsohon ya bari na gama. Ya ce, "Na tuna. Ni ma na ɗaga hannu ran nan. Amma Sa'adu ya tahi ko bai tahi ba? Da anka ce sai ku biyu ko a bari, da bari anka yi. Da yanzu ku biyu kuna Gangara."

Na ce to ya ara mini huɗu kwana biyu, in dawo da su da hannuna. Ya ce kayan reshe ne, ba shi da ikon ko ɗaya sai da takardar. Na ce biyu. Ya girgiza kai. Na fita bakin titi na kira Sa'adu sau shida, wayarsa a kashe, yana wurin gasa a makon. Na dawo na tura takardar gabansa na ce ba zan sa hannu ba, ba da hannuna za a raba yaran nan ba.

Ya ninke ta ya mayar aljihu. Ya ce, "To. Rana ta yi nisa, nan za ka kwana." Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, har da naman zabo, muka ci a kwano ɗaya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, da mugun mutum ne da na san yadda zan yi da shi.

Alhamis: komawa

Bayan sallar asuba Baba Maidabo ya rako ni tasha da sandarsa. Da mota ta cika, shida da rabi, ya leƙo ta taga, ya zaro takardar da biro ya ce, "Ɗana, ko ka sake shawara?" Na ce a'a, Baba. Ya ce Allah shi kiyaye hanya, ya miƙo mini ƙullin kilishi.

A Maradi na shiga kasuwa da niyyar in sayi raket ko da zan sayar da wayata. Awa uku na yi ina zagaye. Masu kayan ƙwallo suka tura ni wurin masu kayan yara, su kuma suka fito mini da wasu gajeru na roba masu launin alewa. Na kaɗa ɗaya sau ɗaya, kansa ya lanƙwashe. Mai shagon ya ce, "Ai ba a yi shi don ƙarti ba, Mushe." Wani ya ce in jira mako biyu zai sa a kawo daga Kano. Sha biyu da rabi na haƙura na shiga mota.

Uku saura kwata ina Agye. Gwaggo ta dubi hannuna ta ga babu raket, ta dai cusa mini ƙullin aya a jaka. Direban Gazawa ya ce turakan za su kankare masa fenti, muka yi ta ja-in-ja har na tuɓe rawanina na naɗe su da shi. Huɗu da rabi Ɗan Ladi ya tare ni a Gazawa, muka ɗaure ƙarafan a gicciye a bayan babur, duk wanda muka gamu da shi sai ya ratse cikin gona. A gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, ina kallonsa ina roƙon ya dakata.

Shida da minti biyar muka shiga Gangara. Ban nufi gida ba, na wuce magaza, siton ajiye hatsi, wadda babu kowa a cikinta a wannan lokaci na shekara, ita muke ara saboda iska ba ta shiga. Na tarar Lawali da Buba sun share ta ƙal, sun auna fili da igiya yadda na koya musu, sun ja layuka da farar ƙasa. Suka taso da gudu suka kwance turaka, suka ɗaura raga, Lawali ya buɗe bututu ya riƙe bolan ta gaskiya a tafin hannunsa kamar ƙwai. Buba ne ya dubi babur, ya dubi jakata.

"Mushe, ina raket?"

Na zaunar da su na gaya musu komai, ban rage ba. Na faɗi maganar takarda, na faɗi abin da na amsa. Gaskiya, ina faɗa ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi, ina jiran su ce na kyauta.

Lawali ya sunkuyar da kai yana murza gashin bolan. Buba ya dubi ragar, sannan ya ce, "Mushe, da ka sa hannu."

Na ce, "Da an raba ku, Buba."

"Yanzu ma ai an raba mu. Ni ina da shanu, in na tahi arewa ina da abin yi. Lawali mi gare shi? Gonar babanshi su tara ne a kanta. Da shi ya tahi, ni na yarda." Ya juyo ya dube ni. "Ka kira Sa'adu sau shida. Lawali na da waya, Mushe. Mu ba ka kira mu ba."

Ranar Juma'a mun yi bidiyon duk da haka, su da tsofaffin raket, ni da wani malami da allunan katako. Ba a je ko'ina ba zaren raket ɗin Lawali ya tsinke. Sa'adu ya kai abin da muka aika, ya yi roƙo iyakar roƙo, shugaban ya ce ba zai iya yanke hukunci da wannan ba, aka ba wasu gurbin. Ruwa ya sauka ranar Asabar.

Na dawo lafiya, kilomita kusan ɗari uku da talatin zuwa da komowa, ba abin da ya same ni a jiki, na gode wa Allah. Na gode wa Gwaggo Hajara da matar Habu, waɗanda ba su da tambo. Na gode wa Ɗan Ladi da ya ɗauko ƙarafa a rairayi bai yi ƙorafi ba. Baba Maidabo ma na gode masa da tuwo da kilishi, ko da yake har yanzu in na tuna takardar nan sai abinci ya fita raina. Masu karya kara kuwa, ina nan ina jiran ranar bikinsu, akwai jawabin da na tanadar musu. Shi kuma Buba, har suka ɗaga da shanu ranar Litinin ban samu amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ban samu ba.